Cansal da Matsayinsa a Tsarin Ginin Cocin Farish a Ingila

Tsakure

Maƙalar ta yi bayanin cansal, wato sashen gabas na ginin coci inda bagadi yake, kuma inda firist yake jagorantar ibada. An bibiyi asalin kalmar da sifar wurin da kayan da ke cikinsa, sannan aka duba sauye-sauyen da ya fuskanta a cocin farish na Ingila daga ƙarni na 7 zuwa yau. Abin da ya fito fili shi ne, abubuwa biyu ne suka riƙa tsara kamannin cansal: aƙidar da ake bi game da Jibin Ubangiji, da dokar da ta fayyace wanda gyaran wurin ya rataya a wuyansa. Aƙidar ta sauya sau da dama, ita kuwa dokar ta wanzu har ta kai wasu iyali gaban kotun ƙoli a shekarar 2003.

1.0 Gabatarwa

Farish ita ce ƙaramar gunduma a tsarin gudanar da coci, wadda ta ƙunshi ƙauye ɗaya ko unguwa ɗaya, da cocinta da firist ɗinta. A ƙarshen zamanin tsakiya Ingila tana da irin waɗannan gundumomi wajen 9,000, kuma dubban cocinsu suna nan tsaye har yanzu. Duk wanda ya tsaya daga waje ya dubi ɗaya daga cikinsu zai lura cewa ginin kamar ɗakuna biyu ne aka jona. Akwai babba daga yamma, wanda shi ne zauren jama'a, akwai kuma ƙarami daga gabas mai gajeren rufi, wanda shi ne cansal. Sau da yawa duwatsun sassan biyu da salon tagoginsu da shekarun gina su sun sha bamban, tamkar ba masu gida ɗaya ba. Haƙiƙa kuwa ba masu gida ɗaya ba ne, domin al'ada da doka sun raba nauyin ginin gida biyu tun ƙarni na 13. Wannan rabo shi ne mabuɗin fahimtar cansal.

2.0 Asalin Kalmar da Ma'anarta

Kalmar ta samo tushe daga cancelli ta harshen Latin, wadda ke nufin shingen raga na katako ko ƙarfe ko dutse. A ɗakunan shari'a na daular Rum irin wannan shinge ne yake raba alƙali da jama'a, kuma ma'aikacin da ke tsaye a bakinsa ana kiransa cancellarius. Daga nan ne muƙamin cansalo na jami'a ya samo sunansa. Da Kiristocin farko suka ɗauki fasalin ɗakunan taro na Rumawa suka mayar da shi na ibada, sai suka riƙa kewaye bagadi da wurin zaman malaman coci da irin wannan shinge. A hankali sunan shingen ya koma sunan wurin da aka killace, ya bi ta tsohon Faransanci ya shiga Ingilishi.

Ke nan tun a cikin sunan akwai ma'anar iyaka. Saboda haka kalmar mihrabi, wadda za ta iya faɗo wa mai fassara a rai, ba ta dace da wurin ba. Mihrabi gurbi ne a jikin bango mai nuna alƙibla, shi kuwa cansal cikakken ɗaki ne mai ƙofarsa da tagoginsa da kujerunsa. Wannan ne dalilin aro kalmar yadda take. A manyan cocin bishop akan kasa sashen gabas gida-gida, da wurin mawaƙa daban, da wurin bagadi daban. A cocin farish kuwa suna ɗaya ne ya haɗe su duka.

3.0 Sifar Cansal da Kayan Cikinsa

Cocin Escomb da ke gundumar Durham, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 7, yana nuna mafarin tsarin. Zaure ne dogo siriri, sai ɗan ƙaramin ɗaki mai kusurwa huɗu a gabas, da bakan gizo mai tsawo a tsakaninsu. Ɗakin bai wuce ya ɗauki bagadi da firist da mai taimaka masa ba. Bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, an yawaita ƙare gabashin coci da bango mai lanƙwasa kamar rabin da'ira. Cocin Kilpeck da ke Herefordshire, wanda aka gina wajen 1140, ya riƙe wannan fasali har yau.

A ƙarni na 13 ne aka sami gagarumin sauyi. Taron Lateran na Huɗu, wanda Fafaroma Innocent na III ya kira a 1215, ya tabbatar da aƙidar cewa gurasa da ruwan inabi suna rikiɗa su zama jiki da jinin Almasihu a lokacin da firist ya keɓe su a kan bagadi. Wurin da ake ɗauka cewa irin wannan lamari yana faruwa a cikinsa dole ne ya sami fili da haske da kariya. Don haka aka rushe lanƙwasassun bangaye da yawa, aka tsawaita cansal zuwa gabas, aka ƙare shi da miƙaƙƙen bango mai babbar taga.

Kayan da ake gani a bangayen irin wannan cansal duk na aiki ne. A bangon kudu kusa da bagadi akwai ɗan kwarmin dutse mai magudana, inda ake wanke hannu da kwaf ɗin ibada, ruwan ya sulale cikin ƙasar coci. Dab da shi akwai kujerun dutse, galibi uku, na firist da mataimakansa biyu. A bangon arewa akan sami ɗan kabad na ajiye kayan ibada, wani lokaci kuma da wani gurbi mai siffar kabari, inda ake ajiye keɓaɓɓiyar gurasa daga ranar Juma'ar tunawa da gicciye zuwa safiyar Ista. Akwai kuma ƙaramar ƙofa, yawanci ta kudu, wadda firist yake shiga ta ita ba tare da ya ratsa zauren jama'a ba.

Iyakar da ke tsakanin sassan biyu ita ta fi komai ɗaukar ido. A ƙarƙashin bakan gizo akan kafa shingen katako mai sassaƙa, ƙasansa rufe, samansa raga. A kansa akwai ɗan bene, a saman benen kuma babban gicciye da siffar Maryamu da ta Yahaya a gefe da gefe. Can sama a jikin bango akan zana Ranar Hisabi, da matattu suna fitowa daga kaburbura, da masu tsira da masu halaka. Shingen cocin Ranworth da ke Norfolk, na ƙarni na 15, yana nan da zanen manzanni goma sha biyu a jikinsa. Shingen ba ya hana gani, domin ta cikin ragarsa ne jama'a suke hango lokacin da firist ya ɗaga gurasa sama, wanda a wurinsu shi ne ƙololuwar ibadar. Inda ginshiƙi ya tare ido, akan huda bango a karkace domin wanda ke gefe ma ya hango bagadi.

4.0 Rabon Nauyi Tsakanin Rekta da Jama'a

A da, kowace farish tana biyan ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona da na dabbobi. Wanda yake da haƙƙin karɓar wannan ushiri shi ake kira rekta. Al'adar da ta kafu a Ingila ita ce, rekta ne zai kula da cansal daga abin da yake karɓa, jama'ar farish kuma su kula da zaurensu da hasumiya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sakamakon wannan rabo yana rubuce a jikin duwatsu. A Heckington da ke Lincolnshire, rekta Richard de Potesgrave, wanda ya yi wa sarakuna Edward na II da na III hidima, ya gina cansal a farkon ƙarni na 14 wanda kujerun dutsensa da gurbin Ista suke cikin mafi kyawun sassaƙa a ƙasar. A Lavenham da ke Suffolk kuwa lamarin ya juya. Tsakanin kusan 1485 da 1525, John de Vere, basaraken Oksfod, da iyalin Spring masu fataucin tufafin ulu, sun sake gina zauren jama'a da hasumiya a kan ƙasaitaccen fasali. Aikinsu ya tsaya a bakin bakan gizo. Cansal ɗin ƙarni na 14 ya ci gaba da zama yadda yake, gajere kusa da sabon zauren, domin ba haƙƙinsu ba ne.

Akwai wani abu da ya ƙara dagula rabon. A zamanin tsakiya an miƙa wa gidajen 'yan zuhudu muƙamin rekta na kimanin sulusin farish-farish na Ingila. Gidan zuhudu yakan riƙe babban ushiri, na hatsi da ciyawa da itace, ya naɗa wani firist ya wakilce shi a ƙauyen, a bar masa ƙaramin ushiri na irin su 'yan raguna da ƙwai da madara. Nauyin cansal yana bin babban ushiri. Rahotannin rangadin bishop-bishop na wancan zamani cike suke da koke-koken mazauna ƙauye a kan rufin cansal da ke yoyo, alhali mai alhakin gyara yana can nesa.

Tsakanin 1536 da 1540 Sarki Henry na VIII ya rushe gidajen zuhudu ya ƙwace dukiyarsu. Haƙƙin ushirin da suke riƙe da shi ya koma hannun masarauta, daga nan aka sayar ko aka kyautar da shi ga attajirai da kwalejoji. Ta haka aka sami rekta wanda ba malamin coci ba ne, mai karɓar ushiri, mai haƙƙin babbar kujera a cikin cansal, mai kuma ɗauke da nauyin gyaransa. Ushiri ya zama haja ta saye da sayarwa. William Shakespeare ya sayi wani kaso na ushirin Stratford a 1605 a kan fam 440, kuma da ya rasu a 1616 a cikin cansal ɗin cocin garin aka binne shi.

5.0 Cansal a Tsakiyar Rikicin Aƙida

Juyin Furotesta ya taɓa ginshiƙin da cansal ya dogara a kai. Masu juyin sun ƙi yarda cewa ibadar hadaya ce da firist yake miƙawa a madadin jama'a. A ganinsu jibi ne da ake ci tare. A zamanin Sarki Edward na VI aka cire siffofi daga coci a 1548, aka kuma ba da umarni a 1550 a rushe bagadan dutse a sa teburan katako a madadinsu. An shafe zanen Ranar Hisabi da farar ƙasa. A Wenhaston da ke Suffolk, allunan da ke ɗauke da irin wannan zane sun zauna a ɓoye har 1892, lokacin da masu gyara suka cire su suka bar su a waje, ruwan sama ya wanke farar ƙasar cikin dare, zanen ya bayyana.

Wasu daga cikin masu juyin sun so a kawar da cansal gaba ɗaya, amma littafin addu'a na 1552 ya yi umarni a bar shi yadda yake. Sarauniya Elizabeth ta I ta bi hanyar tsakiya. Umarninta na 1561 ya sa an rushe benen da ke kan shinge, aka bar shingen kansa. Ma'anar ɗakin sai ta sauya. Zauren jama'a ya zama wurin addu'a da wa'azi, cansal kuma ya zama ɗakin da masu karɓar jibi suke shiga su kewaye tebur. A Deerhurst da ke Gloucestershire har yanzu akwai kujerun ƙarni na 17 da aka jera a gefe uku na cansal domin wannan manufa.

William Laud, wanda ya zama Akbishop na Kantabari a 1633, ya matsa a mayar da tebur jikin bangon gabas, a kewaye shi da ɗan shinge, jama'a su durƙusa a bakinsa. Ga masu tsattsauran ra'ayin Furotesta wannan komawa ce ga tafarkin Roma ta bayan gida. A Beckington da ke Somerset, wakilan jama'a da suka ƙi matsar da tebur an yanke su daga coci. Rikicin yana cikin abubuwan da suka rura wutar yaƙin basasa. A 1643 Majalisar Dokoki ta yi dokar cire shingayen da baje matakalan cansal, aka kuma kashe Laud a 1645. Duk da haka, bayan dawowar sarauta a 1660 tsarinsa ne ya yi rinjaye sannu a hankali.

Daga nan cansal ya shiga zamanin koma-baya. Christopher Wren, wanda ya sake gina cocin Landan fiye da 50 bayan gobarar 1666, ya fi damuwa da kowa ya ji mai wa'azi ya kuma gan shi. Yawancin cocinsa ɗaki ɗaya ne, bagadi yana jikin bangon gabas ba tare da wani sashe na musamman ba. A ƙarni na 18 mumbari ya danne komai, jibi kuma ba a yin sa sai sau uku ko huɗu a shekara a ƙauyuka da yawa. Tsofaffin cansal da dama sun koma ajin karatun yara ko ɗakin ajiya.

Farfaɗowar ta zo ne daga jami'o'i biyu. A Oksfod an fara yunƙurin maido da tsohuwar martabar ibada a 1833. A Kambirij kuma wasu ɗalibai, cikinsu har da John Mason Neale da Benjamin Webb, sun kafa ƙungiyar Camden a 1839, suka fara buga mujallarsu a 1841. Matsayinsu shi ne coci ba ya cika sai da dogon cansal wanda ya fita daban, da matakala masu hawa zuwa bagadi. Sai dai an fuskanci wata matsala. Farish mai firist ɗaya, me za ta zuba a cikin ɗaki mai wannan tsawo? Amsar ita ce mawaƙa. Babban cocin farish na Leeds, wanda aka buɗe a 1841 a zamanin Walter Hook, ya zama abin koyi wajen zaunar da mawaƙa masu fararen riguna a kujeru biyu masu fuskantar juna a cikin cansal. Aka sauko da mawaƙan ƙauye daga benen yamma, aka gina wa ogan ɗaki a gefen cansal. Abin da mutane da yawa suke ɗauka a yau tsarin gargajiya ne, na zamanin Sarauniya Biktoriya ne, kuma shi 'yan mishan suka kai ƙasashen waje, ciki har da majami'un Angilika na Nijeriya.

A ƙarni na 20 ra'ayi ya sake juyawa, aka koma neman kusanto da bagadi ga jama'a. Cocin Bow Common da ke gabashin Landan, wanda aka kammala a 1960, ya sa bagadi a wurin da jama'a suke kewaye shi. Bayan Taron Batikan na Biyu cocin Katolika ya bi wannan hanya, kuma cocin farish da yawa na Ingila sun kafa sabon bagadi a gaban bakan gizo, suka bar tsohon cansal ya zama ɗakin addu'ar ranakun mako.

6.0 Nauyin da Ya Bi Gona

Ushiri ya gushe mataki-mataki. Dokar 1836 ta mayar da shi kuɗi, dokar 1936 kuma ta share hanyar kawar da shi. Sai dai tun kafin nan, lokacin da ake killace gonakin gandu a ƙarni na 18 da na 19, an ba masu ushiri da yawa filaye a madadin haƙƙinsu. Nauyin cansal ya bi waɗannan filaye, ya riƙa wucewa daga mai saye zuwa mai saye, daga magaji zuwa magaji, sau da yawa ba tare da sabon mai filin ya san da shi ba. Dokar gyaran cansal ta 1932 ta ɗauke hurumin tilasta biya daga kotunan coci ta miƙa wa kotunan ƙasa. Kotu ta kuma yanke a 1935 cewa abin da za a biya bai taƙaita ga ribar filin ba. Majalisar ƙoli ta cocin Ingila a 1982, da Hukumar Gyaran Dokoki a 1985, duk sun goyi bayan a kawar da wannan nauyi a hankali, amma ba a yi dokar ba.

Shari'ar Aston Cantlow ce ta tunatar da jama'a. A wannan ƙauye na Warwickshire, wasu ma'aurata sun gaji gona wadda wani yanki nata ya zama filin rekta a 1743. A 1994 kwamitin cocin farish ya nemi su gyara cansal, aikin da aka ƙiyasta a kan kimanin fam 95,000. Suka ƙi, aka tafi kotu. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a 2001, bisa hujjar cewa nauyin haraji ne na zalunci wanda ya saɓa wa dokar haƙƙin ɗan'adam ta 1998. A watan Yunin 2003 Majalisar Dattawa, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta soke wannan hukunci. Ta ce kwamitin farish ba hukumar gwamnati ba ce a wannan lamari, kuma nauyin sharaɗi ne da ke tattare da mallakar filin tun asali. Kafin a kai ƙarshe kuɗin gyara ya haura fam 180,000, ban da kuɗin lauyoyi, kuma a 2009 ma'auratan suka sayar da gonar domin su biya.

Tun daga nan binciken nauyin cansal da sayen inshorarsa suka zama ɓangaren cinikin gidaje a Ingila. Dokar rajistar filaye ta 2002 ta sassauta lamarin. Daga 13 ga Oktoban 2013, wanda ya sayi fili mai rajista ba ya ɗaukar nauyin sai idan an riga an rubuta shi a rajistar. Wannan ya jefa kwamitocin farish cikin tsaka mai wuya. Idan sun yi rajista sun ɓata da maƙwabtansu, sun kuma karya darajar gidajensu. Idan sun ƙi, sun saki wata kadara da amana ta ɗora musu kiyayewa.

7.0 Kammalawa

Cansal ya tashi daga ɗan ɗakin bagadi na Escomb, ya tsawaita a ƙarni na 13, ya zama ɗakin jibi a ƙarni na 16, ya tsuke a zamanin Wren, ya cika da mawaƙa a ƙarni na 19, sannan bagadi ya fice daga cikinsa a wurare da dama a ƙarni na 20. Kowane sauyi amsa ce ga tambayar abin da ke faruwa a kan bagadi da wanda ya cancanci kusantarsa. Iyakar da ke bakin bakan gizo kuwa ta raba aljihu kamar yadda ta raba ibada, shi ya sa ake ganin cansal mai ƙawa a Heckington da gajere a Lavenham. Mai nazarin irin wannan gini yana buƙatar littafin addu'a da takardun ushiri tare, domin ɗaya yana bayyana dalilin gina ɗakin, ɗaya kuma yana bayyana dalilin da ya sa ya tsaya ko ya zube.